Rabon Babba

Malam Zubair ya tallabo ƙafarsa ta dama da hannu biyu ya ɗora a kan kujerar robar da 'yarsa Rahmatu ta jawo masa, sannan ya sami sukunin duba inda aka kawo shi. Benci uku ne a barandar asibitin na Kalgo, duk cike da mata, kowace da ciki a gaba da kati a hannu. Ya duba dama, ya duba hagu. Namiji dai babu, in ba shi ba.

"Ke Rahmatu," ya ce ƙasa-ƙasa, "ina na nan kik kawo ni?"

"Ɗakin sikanin ke nan, Baba. Na'urar guda ce, da ita ake duba kowa."

Wata tsohuwa da ta rako surukarta, wadda ya ji ana kira Delu, ta leƙo daga ƙarshen benci. Ta ƙare wa ƙafar kallo, ta ƙare wa mai ƙafar kallo.

"Sannu Malam," ta ce. "Naka wata nawa na?"

Matan suka sunkuyar da kai suna dariya cikin hijabi. Malam Zubair ya yi kamar ba da shi ake ba. Shekararsa sittin da ɗaya, kuma a ƙauyensu Dodoru ko abokan wasansa sai sun duba fuskarsa kafin su taɓa shi. Da wata rana ce da tuni ya nemi sandarsa ya kama hanya. Amma yau akwai abin da ya zo karɓa, kuma ya ƙudurta ko a ɗakin haihuwa aka ajiye shi sai ya shiga ya karɓo. Shaida ya zo nema a kan ƙanensa Sule.

Su biyu ne maza wurin mahaifinsu, kuma gona ɗaya ya bar musu a bakin fadama, ba a raba ba. Gidansu gidan mahauta ne. Zubair ya ajiye wuƙa tun yana saurayi ya kama fartanya, Sule ya riƙe sana'ar gida, yana da teburinsa a kasuwar Gwandu. Da rani ya kama, Sule ya zo da maganar a haƙa rijiya a kusurwar gonar ta ƙasa, ya ɗan taɓa noman albasa. Zubair ya ce a'a. Ba wani dalili mai ƙarfi gare shi ba, illa dai ya ji an yi maganar da mai haƙa kafin a yi da shi. Bayan kwana shida ya je zagayen gona ya tarar da ƙasa a tone a daidai wannan kusurwa, ya sa ƙafa ya tattake. Washegari ya tashi babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi, ko iskar mafici ba ya so ta taɓa shi.

An yi ƙaho, an shafa man shanu, an sha saiwoyi kala-kala. Ciwon ya tafi bayan kwana goma, ya dawo bayan wata guda, ya sake tafiya ya sake dawowa. Daga nan wani mai magani da ke yawon ƙauyuka ya duba, ya girgiza kai, ya ce binnewa aka yi masa, allura ce ta shige gaɓar, kuma wanda ya yi ba bare ba ne. Bai faɗi suna ba. Irin waɗannan mutane ba sa wahalar da kansu da faɗin suna, sun san mai ciwo ya riga ya zo da nasa.

To, a gidan su Malam Zubair akwai al'ada tun kaka da kakanni. Duk ranar kasuwa, hanta da ƙodar dabbar da aka fara yankawa ba na sayarwa ba ne, rabon babban gida ne. Mahaifinsu ya ci har ya koma ga Allah, rabon ya dawo kan Zubair, kuma shekara goma sha tara ke nan Sule yana aikowa Dodoru ta hannun masu babur. Mata ba sa ci, yara ba sa ci. A gasa a kai wa babba ya cinye abinsa. Mako uku da suka wuce, Zubair ya ce wa mai babur ya mayar. Na biyu ma ya mayar, haka na uku. Duk wanda ya san gidan ya san gara ka zagi mutum a tsakiyar kasuwa da ka mayar masa da wannan ƙunshi. Bai tsaya nan ba, ya aika wa dangi cewa gobe Juma'a in an sauko daga masallaci a taru a zaurensa, za a raba gona, kuma zai faɗi dalili a gaban kowa.

Rahmatu ce babbar 'yarsa, tana aure a Gwandu, tana kuma aiki a wani ƙaramin asibiti. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kawo aya da hadisi, duk a banza. Daga ƙarshe ta bi ta inda ta san zai biyu. Ta ce masa in dai allura ce a ciki, akwai na'ura a Kalgo da za ta nuna ta ƙiri-ƙiri, har takardar hoto za a ba shi ya riƙe a hannu. Wannan takarda ce ta fito da shi daga gida bayan sallar asuba, ya jure girgizar mota tun daga Gwandu, ya zo ya zauna cikin masu ciki ana tambayarsa watanni.

Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira sunansa.

"A sauka lahiya, Malam," in ji Delu.

Ɗakin da duhu-duhu, da sanyin na'ura. Likitar mace ce, Dakta Halima Sadiya, kuma a ganinsa ba ta kai Rahmatu shekaru ba. Ta gaishe shi da ladabi ta ce ya kwanta. Ya ce shi ba ya kwanciya a gaban mata, zai dai zauna ya miƙe ƙafa. Ta ce hakan ma ya yi. Ta matsa wani mai mai yauƙi a kan yatsan, sanyi ƙalau, sannan ta ɗauko wani abu kamar ƙaramar tocila mai igiya ta ɗora a hankali. Duk da haka sai da ya ciji leɓe ya kira sunan Allah.

Ta juyo masa da allon na'urar. Da fari bai ga komai ba sai toka-toka tana motsi kamar ruwan gulbi da damina.

"Baba, duba nan," ta ce, tana nuni da biro. "Wannan farin layin na ƙasa ƙashinka ne. Wannan baƙin da ke samansa guringuntsi ne, shi ya kamata ya zama na ƙarshe. To ka ga wani farin layin kuma a sama, yana bin na farko? Ka ga waɗannan ɗige-ɗigen masu ƙyalli? Su ne bai kamata a ce suna nan ba."

"Allahu akbar!" Malam Zubair ya zabura har ya manta da ciwo. "Ga ta nan! Rahmatu, kin gani da idonki? Likita, allura ta ko?"

Daɗi ne ya kama shi, daɗi na gaske, irin wanda mutum ke ji idan abin da ya daɗe yana zargi ya tabbata, ko da kuwa abin baƙin ciki ne.

Likitar ta dubi Rahmatu, Rahmatu ta dubi ƙasa. Da alama ba yau ta fara jin maganar allura a wannan ɗaki ba, don ko murmushi ba ta yi ba. Ta tambaye shi da wace ƙafa ya taka abin da yake zargi. Ya ce da ta dama, ita kaɗai. Ta ce to ya miƙo ta hagu.

"Wagga lahiyarta lau," ya ce.

"Na sani. Miƙo dai."

Ta shafa man, ta ɗora na'urar a kan yatsan da bai taɓa yi masa ciwo ba. Layi biyu suka fito, ɗaya a kan ɗaya. Na saman bai kai na ɗazu kauri ba, amma ko makaho ya shafa ya san ɗan'uwansa ne. Ta sa ya naɗe wando ta duba gwiwa. Nan ma akwai.

"Da gwiwa ka taka, Baba?"

Ya ƙura wa allon ido.

Ta goge masa ƙafa da takarda mai laushi tana bayani, ba gaggawa, kamar mai karanta wasiƙa. Ta ce allura ƙarfe ce, da tana ciki da ta fito a miƙe ita kaɗai, kuma ba za ta rabu uku ta shiga gaɓa uku ba. Wannan wani abu ne da jini ke ɗauke da shi, wanda ƙoda ke tacewa ya fita ta fitsari. Idan ya yi yawa sai ya riƙa daskarewa a gaɓoɓi, kamar yadda kanwa ke bushewa a bakin tukunya, da tsini kamar garin kwalba. Su a asibiti gawut suke ce masa. Ta ce kaurin da ta gani ba tarin rani ɗaya ba ne, an yi shekaru ana tarawa. Za a ɗebi jininsa a ƙara tabbatarwa, za a ba shi maganin da zai kwantar da zafin yanzu, daga baya a ɗora shi a kan wanda zai riƙa sha kullum. Ya kuma yawaita shan ruwa.

"Me kake yawan ci?" ta tambaya.

"Tuwo. Hura. Abin da kowa ka ci."

"Nama fa? Musamman kayan ciki?"

Rahmatu ce ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce hanta da ƙoda, duk ranar kasuwa, shi kaɗai, shekara goma sha tara.

Likitar ta ajiye biro. "To, ba shi kaɗai ne ya jawo ba, akwai gado a ciki, akwai yanayin jiki. Amma kayan ciki suna kan gaba wajen tayar da shi. In kana son ƙafar nan ta bar ka ka yi noma, hanta da ƙoda sai dai ka gani a hannun wasu. A gidanku akwai wanda ya yi irin wannan ciwo?"

Malam Zubair ya buɗe baki zai ce babu, sai idonsa ya faɗa kan takalminsa a bakin gado. Ya yanke gaban na dama da reza don yatsan ya sami wuri. Haka takalmin mahaifinsa yake, yankakke a daidai nan, shekara da shekaru a ƙofar zaure. Tsohon ya mutu yana cewa wani mahaucin Dodoru ne ya yi masa binne, kuma har yau jikokin gidajen biyu ba sa gaisawa sosai.

"Akwai," ya ce.

Na'urar ta turo 'yar takarda mai santsi, hoto uku a jere. Likitar ta yage ta miƙa masa. Abin da ya zo nema ke nan, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun gaba.

A wurin ɗibar jini, suna jira, ya gwada tsayar da maganarsa a kan ƙafa ɗaya.

"To ai ko hakanan," ya ce, "daga hannun Sule abin yaf fito."

"Baba, ka ji tsoron Allah," in ji Rahmatu. Ba ta taɓa gaya masa haka ba tunda aka haife ta. Ya jira ransa ya ɓaci, ran ya ƙi ɓaci.

A mota ya sami gefen taga. An wuce Birnin Kebbi, an kama hanyar Gwandu, shi dai yana kallon gonaki ba ya ganinsu. Lissafin makonni yake yi ba da son ransa ba. Ya nemi mako ɗaya da ƙunshin bai zo ba, ya rasa. Shekarar da shanu suka yi tsada Sule ya koma yankan akuya guda, ƙunshin ya zo, ɗan ƙarami. Makon da matar Sule ta rasu bai fita kasuwa ba, amma ya sa wani mahauci ya yanka a madadinsa, ƙunshin ya iso Dodoru ana zaman makoki. Mai babur ɗin da ya mayar da na ukun ya ce Sule bai ce komai ba, ya dai karɓa ya zauna a kan turmin sara ya daɗe. A lokacin Zubair ya ɗauka shirun mai laifi ne. Ƙasar da ya tarar a tone kuwa, yanzu da ya tuna da kyau, har da kashin gafiya a gefenta, ya gani da idonsa ya kawar da kai.

Kunya ta rufe shi, mai nauyi, har ya ji ta fi ciwon yatsan. Ga shi kuma a gidansu babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki. Ba a taɓa yi ba, bai ma san da wace kalma ake farawa ba.

Sun sauka Gwandu bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa. Rahmatu ta nufi inda motocin Dodoru suke, ya ce mata a'a, ta wajen mahauta za su bi. Ta dube shi, ta dubi aljihun da takardar take. Ya dogara sanda yana ɗingishi, tana biye da jakar magani.

Rumfar mahauta wuri ne na hayaniya, amma da aka hango shi sai sara ya tsaya tebur bayan tebur. Kowa ya san an mayar da ƙunshi sau uku, kowa ya san da taron gobe. Sule yana kankare teburinsa da bayan wuƙa. Ya rame, furfurar gemunsa ta ƙaru. A kusurwar teburin akwai wani abu da aka kife da faranti, nesa da sauran naman. Malam Zubair ya san ko mene ne. Mako na huɗu ke nan, ba a aika ba, ba a kuma sayar ba.

"Yaya," in ji Sule, ya ɗan rusuna, wuƙar tana hannunsa.

"Sule. Ya kasuwa?"

"Da godiya. An ce ka tai Kalgo."

"Na tai."

"Mi anka gani?"

Mahautan da ke kusa sun daina ko da yin kamar suna aiki. Malam Zubair ya kai hannu aljihu, ya taɓa takardar, ya bar ta a inda take.

"Ciwon Baba na," ya ce da ƙarfi yadda na nesa ma za su ji. "Gado na. Wani abu na kamar kanwa ka taruwa ga gaɓa, har ƙahwar hagu akwai shi. Ba allura, ba komi. Ba hannun kowa ciki."

Sule ya ajiye wuƙar a hankali. Ya share fuska da gefen riga, ya daɗe yana sharewa fiye da yadda gumi ke bukata.

"To mi ka kawo shi, Yaya? Sun hwaɗi?"

Rahmatu ta ja numfashi za ta yi magana. Mahaifinta ya riga ta.

"Rashin shan ruwa," ya ce.

Ya riga ya auna abin tun a mota. Zargin binne ƙarya ne, Sule zai iya yafe shi ya manta. Amma a ce masa abin da ya yi shekara goma sha tara yana cirewa daga bakin 'ya'yansa yana aikawa, shi ne ke hura wutar ciwon, wannan gaskiya ce, kuma ba ta da inda za a mayar da ita.

Ya nuna farantin da sanda. "Wancan na wa na?"

"Naka na, Yaya."

"To mi kaka jira?"

Sule ya ɗage farantin da sauri har ya kusa faɗuwa. Ya yanki hantar. Ya miƙa wa mai tsiren da ke gefe ya ce a gasa yanzu-yanzu, kada a bari ta bushe. Wani ya kawo benci, wani ya kawo ruwa a buta. Sara ya ci gaba a sauran tebura, da ƙarfi fiye da ɗazu.

"Taron gobe shina nan," in ji Malam Zubair bayan ya zauna ya miƙe ƙafa. "Ka taho da mai haƙan nan naka. A duba inda rijiya za ta zauna."

Aka kawo hantar a kan takarda, tana turiri, da yaji a gefe. Rahmatu ta sunkuyo kamar za ta gyara masa sanda.

"Baba, ka ji abin da likita ta ce. Ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani. Maganin ba shina jakarki ba?"

Ya yi bismilla ya ɗauki yanka ɗaya ya kai baki. Ta yi daɗi, kamar kullum. Sule yana tsaye a kansa yana kallon yadda yake taunawa, fuskarsa ta saki kamar ta yaro.

"Ka rame, Yaya," ya ce. "Hanta ita ka gyara jini. Mako mai zuwa biyu zan aiko, in rama maka na ukun da sunka wuce."

Rahmatu ta juya tana kallon masu kwashe albasa. Malam Zubair ya dubi yatsansa da ke leƙowa ta yankakken takalmi, ya dubi ƙanensa.

"Allah shi yi albarka," ya ce, ya miƙa hannu ya ɗauki yanka na biyu.